Dutsen Masar da Inuwar Tsayayye

Landan, 12 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga bawana Alhaji Maharazu, ɗan kwangilar Jos,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Shafa'atu da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya hana mu sakat. Maigidana Zailani ya sha fama da mura amma ya warke, ya koma ofis. Ummi ta shiga nursery, yanzu in na yi mata Hausa sai ta ɗaga kai ta amsa mini da Turanci, ko kunyar idona ba ta ji.

Kada ka ga na ce bawana ka kumbura. Kakana namiji ne, kakarka kuwa ƙanwarsa ce, saboda haka ni jikar namiji ce, kai jikan mace. Ko Marsandi goma ka jera a ƙofar gida, wannan ba ta canzawa.

Wasiƙarka ta iso. Gaisuwa layi biyu, sauran duk labarin sabon kirenin da ka sayo daga Jamus, wai yana ɗaga tirela da kayanta. To bari in ba ka labarin masu ɗaga kaya na gaske, ko ka rage cika baki.

In ka fito daga ofishin jakadancinmu inda Zailani yake aiki, ka gangara Northumberland Avenue har bakin kogin Thames, ka karya hagu, za ka ga wani dutse a tsaye. Dutse guda ne tal, ba haɗi, tsayinsa ya kusa ƙafa saba'in, kansa da tsini, jikinsa duk rubutun mutanen Fir'auna: tsuntsaye, idanu, ƙwari. Turawa suna ce masa Allurar Kiliyobatira, alhali an sassaƙa shi fiye da shekara dubu kafin a haifi matar. Ranakun da ba ni da lacca nakan hau tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, in sauka Charing Cross in jira Zailani ya fito cin abinci, kuma a gindin dutsen nan nake jira. Har laburare na je na nemi tarihinsa, don ka san ni ba na son labarin da ba kai.

Wani Fir'auna ne ya sa aka yanko shi daga kudancin Masar, yau wajen shekara dubu uku da ɗari biyar, aka kafa shi a ƙofar ɗakin bautar rana. Da Rumawa suka ci ƙasar suka tumɓuke shi suka kai Iskandariyya. Can ya faɗi, ya kwanta cikin yashi shekaru aru-aru. Daga baya mai mulkin Masar ya ba Ingila shi kyauta, su kuma suka bar shi kwance kusan shekara sittin, don gwamnatinsu ta ƙi ɗaukar nauyin dako. Sai da wani likitan fata mai hali ya ce shi ya ɗauka. Ka san yadda suka yi? Suka ƙera masa wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe suka rufe shi ciki, suka mirgina ta cikin teku, suka sa mata matuƙi da ɗan ɗaki a sama, jirgi ya ja ta kamar akuya a igiya. Bana a watan Satumba zai cika shekara ɗari cif da tsayawa a nan.

Ina son wurin. In na zauna sai ya tuna mini da Tsayayye, dutsen nan na kufan garinmu Jalo, da muke ɓuya a bayansa lokacin da aka kawo ka hutu kana ɗan birni mai tsoron awaki. Tsayayye ko rubu'in wannan bai kai ba, amma na rantse kirenin naka ko gezau ba zai sa shi ya yi ba. Ka ci gaba da ɗaga buhunan siminti, su ne daidai kai.

Da kaka in Allah ya yarda muna tafe gida. Rabona da Jalo tun kafin rasuwar Inna. Ka gaishe da Shafa'atu. In ka bi ta Sabon Garin Jalo ka duba mini Gwaggo Hajjo, an ce idanunta sun ƙara rauni.

Uwar ɗakinka,
Luba

*

Jos, 20 ga Maris, 1978

Zuwa ga Luba, Baturiyar Jalo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Shafa'atu tana gaishe ki, ta ce a shafa kan Ummi. Allah ya ƙara wa Malam Zailani lafiya da haƙurin zama da ke, don shi ne ya ɗauki kaya mafi nauyi a Landan, ba masu gangar ƙarfe ba.

Na karanta wasiƙarki a ofis na yi dariya har akawuna ya leƙo. Wai ni za ki ce wa ba zan iya ɗaga Tsayayye ba! Ke kina can kina kallon dutsen mutane, ba ki san ƙasar ta canza ba. Kwalta ta kai Sabon Garin Jalo tun bara, ni na shimfiɗa ta. Yanzu haka ina gina shataletale inda ta haɗu da hanyar kasuwa. Na daɗe ina tunanin abin da zan kafa a tsakiya. Wasu suka ce agogo, wasu suka ce babban tulu na siminti. Sai ga wasiƙarki. Wallahi Luba, tun da nake da ke ba ki taɓa yin magana mai amfani ba sai wannan karon.

Kufai ba kowa. Duk mutane sun dawo bakin titi, dutsen yana can shi kaɗai, shanun Fulani suna sosa jiki da shi. Na je wa dagaci da maganar, ya yi murna har ya ba ni rago. Zan ɗauko Tsayayye in kafa shi a tsakiyar shataletale, in zagaye shi da fitilu, duk motar da ta fito daga Jos sai ta kewaya shi. In Landan tana da nata, Jalo ma za ta samu nata, kuma namu ba na aro ba ne.

Abin da nake so da ke: ki koma laburaren nan ki dubo mini yadda suka tsayar da nasu bai faɗi ba shekara ɗari. Direban kirenina, wani Choji, ya ce aikin wuni ɗaya ne, sai dai a yi kafin ruwa ya sauka.

In kin zo da kaka ki taho da kyamara. Za ki tsaya a gindinsa ki ce da bakinki Maharazu ya fi ƙarfin bauta.

Ubangidanki,
Alhaji Maharazu

*

WAYA DAGA LANDAN, 11 GA AFRILU

KA BAR TSAYAYYE A WURINSA. BAYANI NA ZUWA. LUBA

*

Landan, 11 ga Afrilu, 1978

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka dubi yadda na kira ka a sama. Na ajiye wasa gefe, ka karanta wannan da idon ɗan'uwa.

Wasiƙarka ta zo da safen nan, ban gama karantawa ba na ɗauki kwat na fita gidan waya na buga maka wayar tangaraho. A waya ba a iya dogon bayani, ga shi nan.

Lokacin da Inna ta rasu kana Legas kana jiran jiragen siminti, ni kuma ina nan da tsohon cikin Ummi, likita ya hana ni hawa jirgi. Zailani ne ya je ta'aziyya a madadina. Inna ta bar wasiyya a kai ta kufai kusa da iyayenta, gabas da Tsayayye, haka kuwa aka yi. Marigayi Baffa Nata'ala ya kama hannun Zailani ya kai shi wurin. Ya ce masa tudun kabari ba ya daɗewa a kufai, damina biyu ta baje shi, wuyan tulunta da aka kafa a wajen kai kuma shanu za su tattake. Sai ya nuna masa abin da shanu ba sa iya tattakewa. Ya ce a lokacin yankan gero, da kiran la'asar, inda kan inuwar Tsayayye ya sauka, nan take.

Baffa Nata'ala ya rasu bara. Waɗanda suka haƙa kabarin sun watse, wasu Kano, wasu wajen aikin madatsar ruwa. Zailani ya ce ko yau aka kai shi ba zai gane wurin ba sai da inuwar.

Ka san al'adar garinmu, mace ba ta shiga cikin kaburbura. Ban yi niyyar shiga ba. Niyyata in tsaya a gindin dutsen, in bi inuwar da ido har inda ta ƙare, in yi wa Inna addu'a, in nuna wa Ummi inda mai sunanta take. Shekara uku ke nan ina riƙe da wannan. Shi ya sa na ce da kaka, ban ce da Sallah ba. Ban rufe idon uwata ba, ban ga wankanta ba, wannan kaɗai ya rage mini.

A wasiƙar farko na ba ka rabin labarin dutsen Landan, rabin mai daɗi. A gindinsa akwai allon tagulla da sunayen mutum shida. Guguwa ce ta kama su a teku, gangar ta nemi kifewa, suka shiga ƙaramin kwalekwale don su ceto abokan aikinsu da ke kanta, ruwa ya tafi da su. Ba wanda ya san inda suke kwance. Ranar Juma'a a masallacin Regent's Park na yi hira da wata Bamisriya 'yar Iskandariyya. Da na ambaci dutsen sai ta taɓe baki, ta ce inda ya tsaya a garinsu yanzu gidaje ne da tashar taragu, in ka tambayi yaran unguwar ba mai iya nuna maka.

Na haɗa ka da Allah da zumuncin da ke tsakaninmu, ka sa agogo a shataletalenka. Na san kai mai ji ne in an yi maka magana ta gaskiya, shi ya sa hankalina bai tashi sosai ba.

'Yar'uwarka,
Luba

*

Jos, 2 ga Mayu, 1978

Zuwa ga baiwata Luba, wadda ta sha kaye,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, zafi ne kawai, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa.

Wayarki ta same ni. Na karanta wa Shafa'atu, na ce kin ga 'yar Landan ta tsorata, ta ga za ta ji kunya, har da kashe kuɗin waya. Bayanin da kika ce yana zuwa ban gan shi ba, na kuwa san ba wani bayani, dabara ce ta a ja ni har damina ta sauka ƙasa ta yi laushi. Tun muna yara haka kike, in kin ga za a kayar da ke a langa sai ki ce ana kiranki a gida.

To albishirinki. Tsayayye ya kwanta! Ranar Asabar muka je da kireni da tirela da leburori. Ashe abin da ke cikin ƙasa ya kai rabin na sama. Muka yi ta haƙa tun safe, sarƙa ta tsinke sau ɗaya, Choji ya ce a haƙura, na ce ba inda za mu. Bayan azahar ya taso. Da kin ga yadda ya yi lilo a sama, ƙasa tana zuba daga gindinsa! Mutanen Sabon Gari suka tarbe mu da kalangu tun daga gada.

Yanzu yana kwance a gefen shataletale yana jiran dandamalinsa ya bushe. Sarƙa ta ɗan ci jikinsa wuri biyu, zan sa a shafe da siminti. Na sa ranar buɗewa a watan gobe, na ba da sanarwa a rediyo, na gayyaci manya daga Jos da Bauchi.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɓata mini rai. Na kai wa Gwaggo Hajjo buhun shinkafa da atamfa, na ba ta labari. Ta tambaye ni sau biyu wane dutse, na faɗa mata. Sai ta juya fuska bango, ta ce a mayar da shinkafar mota. Tsufa ne, na bar ta.

Sai ki fara koyon yadda za ki durƙusa ki gaishe ni.

Mai nasara,
Alhaji Maharazu

*

Jos, 29 ga Mayu, 1978

Luba,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarku ba.

Wasiƙarki ta sha ɗaya ga Afrilu jiya ta zo. Ambulan ɗin duk hatimi, ta yi yawo har Maiduguri kafin ta dawo. Na karanta a tsaye. Da na kai wajen inuwa sai da na nemi kujera.

Wallahi ban sani ba. Na san akwai tsofaffin kaburbura a kufai, amma na ɗauka na kakannin kakanni ne, ban san nan aka kai Inna Hadizatu ba. Wayarki kuwa na ɗauke ta wasa, don tun da muka tashi ba ki taɓa gaya mini magana ba wasa a ciki ba, ni ma haka. Wannan ba hujja ba ce, faɗa miki kawai nake yi.

Ban kwana a Jos ba, na tafi kufai da Choji. Abin da na fi tsoro shi ne ko tirela ta bi ta kansu. Ya nuna mini sawun taya, ta yamma muka shiga muka fita, don gabas ƙasar ta yi masa laushi. Na gode wa Allah. Ramin yana nan, ruwan farko ya cika shi. Na sa an kewaye shi da duro-duro, na ajiye mai gadi. Gabas da shi kuwa fili ne shafe, ciyawa ta fara tsiro, ba tudu ba alama.

Na soke bikin. Dagaci ya yi fushi, a kasuwa ana cewa aljanun dutsen ne suka kama ni. Su faɗa.

Zan mayar da shi. Amma ga inda na tsaya: ban lura da yadda yake fuskanta ba kafin mu cire shi, Choji ma haka. Dutsen ba miƙaƙƙe ba ne, kin sani, in aka juya shi inuwar za ta sauka wani wuri dabam. Na je wa Gwaggo Hajjo, ta ce ita yanzu duniya duk hazo ce a idonta, ta kuma ƙi karɓar gaisuwata.

In kin ga ba za ki amsa ba, ban ga laifinki ba.

Maharazu

*

Landan, 3 ga Yuli, 1978

Yaya Maharazu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka faɗo ta ƙofar flat ɗinmu, ta murna da ta nadama. Allah ya sa ta murnar na fara buɗewa. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka aiko da rasuwar. Na tsine wa kireninka, na tsine wa bakina da ya tsokane ka. Sati biyu ko takarda ban iya kallo ba. Zailani ne ya ce in tashi in fita in sha iska.

Ƙafata ba ta kai ni ko'ina ba sai bakin kogi. Akwai abin da ban gaya maka ba game da dutsen nan. A gefensa biyu an girke zakuna na tagulla masu kan mutum, wai masu gadinsa. Mai gadi ai waje yake kallo. Waɗannan kuwa dutsen suka zuba wa ido, sun ba titi baya. Mutanen nan suna cewa kuskuren masu kafawa ne, aka bar shi haka. Na tsaya ina kallonsu, na ce a raina mu ba za a yi mana wannan ba. Su ba wanda ya taɓa ganin dutsen a gidansa na fari. Ni kuwa a jikin Tsayayye na girma.

Ka ɗauki alƙalami. Ka sa a wanke dutsen tas. Za ka ga inda launinsa ya rabu, na cikin ƙasa ya fi duhu. Iyakar nan za ka binne, kada ka ƙara, kada ka rage.

A gefe ɗaya, daidai ƙugun babban mutum, akwai wani kwarmi mai santsi kamar cikin ƙoƙo. Da sanyin safiya in Inna ta tafi ɗiban ruwa takan zaunar da ni a kan tulun da ta kife, in jingina bayana cikin kwarmin nan saboda ɗuminsa. Rana a idona take fitowa, har sai na kare da hannu. Wannan kwarmin gabas yake kallo sak, wajen kaburbura.

Kansa kuma ya ɗan sunkuya wajen tsohuwar rijiya, ta hannun hagu in ka jingina a kwarmin. Na sani don in an yi ruwa ta nan yake ɗiga, nan muke tara hannu mu sha, Inna tana daga bakin rijiya tana yi mana faɗa. Rijiyar ko ta rufta za ka ga bakinta.

Ba na shakkar ko ɗaya daga cikin ukun nan. In ka bi su, inuwar za ta koma inda take.

Maganar shafe tabon sarƙa da siminti kuwa, kada ka soma. Na nan ma yana da nasa. A yaƙin duniya na farko bam ya faɗi kusa da shi, ya farfasa dandamalin da jikin zaki ɗaya, ramukan suna nan har yau, da gangan aka ƙi gyarawa. Na sa yatsana a ciki. Ka bar wa Tsayayye nasa, duk wanda ya zo da kireni nan gaba ya gani.

Gwaggo Hajjo kuwa ka daina kai mata shinkafa. Ranar da za ka mayar da dutsen ka ɗauke ta a mota ta ji da kunnenta.

Ban ce na huce ba. Na ce dai ka tashi ka yi aiki.

Luba

*

Sabon Garin Jalo, 14 ga Satumba, 1978

Zuwa ga 'yar'uwata Luba,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, barka da Sallah. Muna lafiya. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba, na daina. Abokina Bernard zai tashi Landan jibi, hannu da hannu zai kawo miki.

Cikin azumi muka mayar da shi. Ƙasa ta jiƙe, kireni ya kafe a laka sai da katafila ta ja shi. Na wanke dutsen da hannuna, na ga layin da kika ce, na ga kwarmin. Na sa aka juya shi a sama a hankali har kwarmin ya kalli gabas, kan ya sunkuya wajen rijiya. Gwaggo Hajjo tana zaune a mota, ƙofa a buɗe. Da aka gama cika ramin ta ce a kai ta. Ta lalubi kwarmin, ta juya ta jingina bayanta a ciki, ta daɗe. Sannan ta ce a mayar da ita gida. A hanya ta tambaye ni lafiyar yara, karo na farko tun watan Mayu.

Sauran jira ne. Aka fara yankan gero bayan Sallah, na dawo nan na tare. Kullum da la'asar sai hadari ya rufe rana. Shekaranjiya gari ya washe. Na tafi da limamin Sabon Gari da Gwaggo Hajjo, muka bar ta a gindin dutse. Liman ya duba lokaci ya yi kiran salla a wurin. Na bi inuwar a ƙafa har ƙarshenta. Ba komai a wurin sai ciyawa. Na durƙusa na cire ciyawar, na share ƙasar sama da tafin hannu kaɗan kaɗan. Ban yi zurfin yatsa ba na taɓa abu mai tauri.

Wuyan tulu ne, Luba, ya fashe biyu amma yana zaune inda aka kafa shi. Na ɗauki ɓari ɗaya na kai wa Gwaggo Hajjo. Ta shafa zanen bakin da yatsa, ta ce:

"Na Yaya Hadizatu ne. Ni na saya mata shi a kasuwar Laraba."

Na mayar da shi wurinsa. Muka yi addu'a. Ban san ina da hawaye haka ba.

Liman ya ce inuwa tana gocewa kaɗan kullum. Ki zo kafin a gama ɗaure gero. Mota za ta jira ku a filin jirgin Kano, ni zan tuƙa.

Ɗan'uwanki,
Maharazu

*

Landan, 18 ga Satumba, 1978

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Bernard ya kawo, shi zai komo maka da wannan.

Na karanta a bakin ƙofa, na yi sujada a kan kafet ɗin corridor, maƙwabciyata Rhoda ta fito ta ɗauka faɗuwa na yi. Zailani ya yi mana booking, ranar Asabar za mu sauka Kano ni da Ummi, shi sai ya samu hutu.

Jiya na kai Ummi bakin kogi mu yi sallama da dutsen Masar. Makon jiya ya cika shekara ɗarinsa a nan. Na tsaya ina kallonsa, rana ta ɗan leƙo, inuwarsa ta kwanta a kan titi, motoci suna bi ta kai, ba wanda take nuna wa komai. Ya ba ni tausayi. Shi ba mai mayar da shi.

Na koya wa Ummi abin da za ta faɗa in mun tsaya a gindin Tsayayye. Da Hausa za ta faɗa, mun yi ta maimaitawa a cikin tube har mutane suna kallonmu: Allah ya jiƙan Inna.

Ka ce wa Gwaggo Hajjo ta shirya, tare za mu tsaya. Kai kuma ka wanke motar sosai, ka zo da wuri, kada ka bar uwar ɗakinka tana jira a rana. Tun da aka kafa garin Jalo ba a taɓa yin bawan da ya ba ni wahala irinka ba, kuma ba na sayar da kai.

Uwar ɗakinka,
Luba